Gurbin Ranar Haihuwa

Kamfanin ya dakatar da Auta daga aiki washegarin ranar da manhajar da suka yi wa asibitin ido ta ƙi karɓar tsofaffi. Mai kamfanin bai ce an kore ta ba. Ya ce ta zauna a gida har a gano wanda ya yi ɓarnar, ko kuma ta dawo da bakinta ta ce ita ce. Ya karɓi katin shiga ofis da kwamfutar hannu, ya bar mata kofin shayinta.

Kamfanin ƙarami ne, a saman wani bene da ake sayar da tayoyi a ƙasansa. Masu rubuta manhaja biyu ne, Auta da wani da ake kira Dogo. Akwai Anti, mai gwada aiki kafin ya fita. Sai Manaja, wanda ke magana da masu ba da aiki, kuma shi ne mijin yayar Auta. Shi ya kawo ta kamfanin. Wannan kowa ya sani, har masu tayoyin.

Abin da ya faru a asibitin ba shi da tsawo. Ranar duba masu yanar ido ce, kuma yawancinsu tsofaffi ne da ake kawowa daga nesa. Ma'aikatan rajista suka buɗe sabuwar manhajar da safe. Duk majinyacin da aka nemo, in akwai ranar haihuwa a bayanansa, sai shafinsa ya buɗe. In babu, sai allon ya yi fari, manhajar ta rufe kanta. Tsofaffin da yawa ba su san ranar da aka haife su ba, kuma asibitin ya saba barin gurbin haka. Kafin rana ta take layi ya fita har bakin titi. Aka koma takarda da biro, likita ya duba waɗanda ya iya, aka ce wa sauran su dawo wani watan. Shugaban asibitin ya kira mai kamfanin ya ce sunan wanda ya yi ɓarnar yake so.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka abin daga sama ya faɗo. Ba haka ba ne, an yi gargaɗi, kuma a rubuce. Duk abin da mai rubuta manhaja ya rubuta, kafin kwamfuta ta iya aiki da shi, sai ya bi ta hannun wata manhajar da ke tace shi layi-layi. Sunanta na aiki kwamfaila, amma a ofishin Suruka ake ce mata, don ba a taɓa kai mata abu ta yaba ba. In ta ga kuskuren da ba za ta iya haɗiyewa ba, sai ta yi jan rubutu, aiki ya tsaya. In kuwa shakka kawai take yi, sai ta yi rawaya: ta bar aikin ya wuce, amma ta faɗi abin da ke ranta. Yawancin rawayarta magana ɗaya ce. Gurbin nan da kake shirin ɗaukar abu daga cikinsa zai iya zuwa babu komai. In ya zo haka, me ka tanada?

Hanya biyu ake rufe mata baki. Ko dai mutum ya amsa tambayar, ya rubuta abin da za a yi in gurbin ya zo fanko, ko kuma ya ɗiga alamar motsin rai a bayan sunan gurbin, wato ya ce mata ni na tsaya, ba zai taɓa zuwa fanko ba. A ofishin ana kiran wannan rantsuwa. Suruka ba ta musu da wanda ya rantse. Shiru take yi, ta bar shi da abin da ya faɗa.

Manaja ba ya son rawaya. Ya sa an kafa allo a bango yana nuna yawan gargaɗin da ke kan aikin kowa, kuma dokarsa ita ce ba a tura aiki ga mai shi sai allon ya nuna sifili. Masu ba da aiki, in ji shi, ba su san ja ba, ba su san rawaya ba, amma sun san sifili. Akwai kuma wata hular kwano rawaya da magina suka manta a baranda. Duk farkon mako ana ɗora ta a teburin wanda ya fi kowa gargaɗi. Da wasa aka fara, amma ba mai son baƙo ya shigo ya tambayi hular ta mece ce.

Hular ta daɗe a teburin Auta. Gargaɗinta duk a kan abu ɗaya suke, gurbin ranar haihuwa, wanda manhajar ke taɓawa a wurare da yawa, wajen lissafa shekaru da buga kati da tsara layi. Ta ƙi rantsewa, kuma ta ƙi ƙirƙiro amsa daga kanta. Ta ce ba ita za ta yanke wa asibiti yadda za a yi da majinyacin da ba shi da ranar haihuwa ba, a tambaye su. Manaja ya ce zai tambaya. Duk sanda ta tuna masa sai ya ce suna kan shawara, ya ƙwanƙwasa hular da yatsa ya wuce.

Ranar da aka tura aikin, an aike ta ta koya wa ma'aikatan wani kantin magani yadda za su yi amfani da tasu manhajar. Da ta dawo da yamma, allon na nuna sifili, hular tana saman kabad. Ta tambaya wa ya gyara. Dogo ya ce shi ya ɗauka ita ce kafin ta fita. Anti ta ce ita gwaji aka kawo mata, ta yi. Manaja yana waya, ya rufe bakin wayar da tafin hannu, ya ce an gama da maganar asibiti, kada ta damu. Ta ɗauka amsar asibitin ce ta zo. Ba ta buɗe ta duba ba.

Bayan ɓarnar ba a sha wahalar gano dalili ba. Duk inda Suruka ta yi gargaɗi an bi an ɗiga rantsuwa, ba a tsallake ko ɗaya ba, kuma sunan da ke kan gyaran na Auta ne. Sai dai an yi gyaran ne a kwamfutar da ake tura aiki da ita, wadda ke cikin ɗan ɗakin sanyi a ƙarshen baranda. Auta ce ta haɗa ta lokacin da aka sayo, da sunanta, kuma ba a taɓa canzawa ba. Duk wanda ya zauna a kujerar nan Auta ne. Agogon kwamfutar kuwa ya daɗe da lalacewa, in aka ɗauke wuta sai ya koma wata shekara da ta wuce. Ta yi wa mai kamfanin wannan bayanin. Ya ce ya ji, amma shi abin da aka buga masa a takarda ya gani, kuma shi ya tura wa asibiti. Ta ce ba ta ofis ranar. Ya tambaye ta ko ta leƙo da safe kafin ta wuce kantin. Ta leƙo.

A gida Mama ba ta gane laifin ba. Auta ta maimaita mata bayanin a hankali, tana nuna mata da cokali a kan tebur.

“To, wato wani ya rantse da bakinki,” in ji Mama.

Auta ta ce kusan haka ne.

Anti ce ta fara zuwa, da lemo a leda. Ta cire takalmi, ta zauna bakin gado, ta ce ita ba ta son gulma, sannan ta zauna ta yi ta son ranta. Ta ce Dogo ko ƙarfe nawa aka tambaye shi sai ya rantse, kuma duk wanda ya buɗe rubutunsa zai ga alamar nan birjik. Ta ce ana ta ƙishin-ƙishin mai kamfanin zai naɗa babba a tsakanin masu rubutun, kuma mutum biyu ne kawai.

“Ni ban ce shi ne ba, 'yar nan. Amma ki duba wanda ya wayi gari shi kaɗai a ofis, da fankarsa da taki.”

Bayan ta tafi Auta ta zauna da lemon a gabanta ba ta ɓare ba. Majinyatan ƙarya da Anti ke gwaji da su Antin ce da kanta ta ƙirƙire su, kuma kowannensu yana da ranar haihuwa da adireshi da lambar waya, cikakkun mutane irin waɗanda ba a cika samu a kan layin asibiti ba. Da ta saka ko tsoho ɗaya mara rana, da a teburinta manhajar za ta faɗi. Duk zaman da ta yi ba ta taɓo wannan ba. Kuma kafin ta koma gwaji, Anti ta taɓa rubuta manhaja. Ta san inda ake ɗiga alamar.

Dogo bai shigo gidan ba. Ya tsaya a ƙofa a kan babur, ya miƙo mata cajar da ta manta a ofis, ya kira ta uwar rawaya kamar yadda ya saba. Ya ce ya san abin da take tunani, kuma da shi ne a matsayinta shi ma haka zai yi. Amma shi bai taɓa ɓoye rantsuwarsa ba. A teburinsa yake yi, da sunansa, in ta fashe shi ake kira. Me zai kai shi ɗakin sanyi, shi da sanyi ke sa wa ciwon kai? Ta ce ba ta ce shi ne ba. Ya ce idonta ya faɗa tun daga nesa.

Ya dubi titi hagu da dama, ya rage murya.

“Ranar na ga mijin yayarki ya fito daga ɗakin yana murza hannu. Amma kin san shi ke shiga ya kashe na'urar intanet ya kunna in ta tsaya. Ban ce komai ba. Kada ki ce na ce.”

Ta tambaye shi me ya hana shi gaya wa mai kamfanin. Ya ce shi ba ya shiga tsakanin dangi, in sun shirya shi za a bari a rana. Duk tsawon maganar bai kashe babur ɗin ba.

Ƙarshen mako Yaya, matar Manaja, ta kira ta ta ce ta zo gida, yara suna nemanta. Da aka ci abinci aka kora yaran ɗaki, Manaja ya rage ƙarar talabijin. A gida ba Manaja ba ne, mai wasa ne, yana ce mata ƙanwata ta kaina, yana tsokanarta cewa hutu ya karɓe ta. Sannan ya shigo da maganar. Ya ce asibiti suna son suna, an ba su suna, abin da ya rage shi ne mai sunan ya ba da haƙuri. Ta je wurin mai kamfanin ta ce sauri ne ya sa ta yi, shi kuma zai tsaya mata. Ba za ta daɗe a gida ba. Ya ce a wannan aikin ba wanda bai taɓa fasa abu ba, kuma mutane sun fi saurin manta kuskure fiye da taurin kai.

Ta tambaye shi amsar da asibitin suka bayar a kan gurbin. Ya ce sun ce za su aiko a rubuce. Ta tambaye shi wa ya tambaya. Ya ce mutanen rajista. Ta ce wanne a cikinsu. Yaya ta ce wannan kuma kotu aka buɗe, a sha shayi kada ya huce.

“Kai ne ka yi?” in ji Auta, tana kallonsa.

Ya yi dariya. “Ni da na bar rubuta manhaja tun kina firamare? Ko Suruka ta gan ni yau ba za ta gane ni ba.”

Yaya ta taya shi dariyar, ta ɗan wuce inda ya tsaya.

Da za ta tafi, Yaya ta rako ta har bakin titi. Ta ce ta tausaya masa, abinci ma ba ya ci sosai tun da abin ya faru. Ta ce ba wanda ya kai shi jin zafin hular nan, kullum sai ya dawo yana cewa ƙanwar matarsa ce abin dariya a ofis. Ranar da aka tura aikin ma da murna ya shigo, ya ce yau dai ya raba Auta da hular.

Auta ta tsaya.

Yaya ta gyara ɗankwali, ta ce ai nufinsa ya ɗauke ta ya ɗora a kabad, abin da yake nufi ke nan. Ta tsayar da mai keke tun bai ƙaraso ba.

Auta ba ta gaya wa kowa za ta asibitin ba. Ta tarar ana rajista da takarda, an jera kwalaye a kan benci, kwamfutocin a rufe da ƙyalle. Ma'aikacin rajista ya ce shi ba wanda ya taɓa tambayarsa komai, ta ga babbar nas. Babbar nas tana tsaye tana ƙirga kwalaben maganin ɗigawa. Da ta ji sunan kamfanin ta ajiye kwalbar, ta tambaye ta wa ya aiko ta. Auta ta ce ba kowa. Babbar nas ta ce to me take nema, hoto za ta ɗauka ko me? Auta ta ce tambaya ɗaya ce: ko wani daga kamfanin ya taɓa tambayar yadda suke yi da majinyacin da bai san ranar haihuwarsa ba.

Babbar nas ta ce duk tambayar da ta shafi rajista ta teburinta take bi, kuma ba ta ga wannan ba, ba a waya ba, ba a takarda ba. Ta ce ba wani abu ba ne mai wuya: a bar gurbin yadda yake, likita ne ke ƙiyasta shekaru in ya ga mutum, ya rubuta cewa ƙiyasi ne. Ta ce akwai tsohon da 'yarsa ta ɗauko a motar haya tun daga ƙauye ranar nan, aka mayar da shi ba a duba shi ba, kuma ba ta da tabbacin za su sake zuwa. Sannan ta ƙare mata kallo.

“Ke ce wadda aka ce ta yi?”

“Sunana ne a kai.”

“Ba shi na tambaye ki ba.”

Auta ta ce ba ita ba ce. Babbar nas ba ta ce ta yarda ba, amma ta karɓi lambarta ta rubuta a bayan hannu.

Daga asibitin gidan Yaya ta wuce, a lokacin da ta san Manaja yana ofis. Yaya tana guga a falo. Auta ta gaya mata abin da ta ji, ta ce gobe za ta gaya wa mai kamfanin, kuma ta zo ne don kada Yaya ta ji a bakin wani. Yaya ba ta ɗago ba. Ta ce rashin tambaya daban, rantsuwa daban. Auta ta ce ta sani, kuma abin da ta sani kawai za ta faɗa. Yaya ta ce in aka taɓa aikinsa gida guda aka taɓa, da yara, ita kuwa Auta ɗaki ɗaya gare ta a gidan Mama. Ta tuna mata wanda ya saya mata kwamfutar farko, da wanda ya yi ta zarya har aka ɗauke ta aiki.

“Ko da shi ne, don ke ya yi. Kin san haka.”

“In don ni ya yi, ya faɗa.”

“Ke ba ki san maza ba.”

“Na san in na ce ni ce, duk inda na je neman aiki wannan za a fara ji. Wadda ta rantse a kan tsofaffi.”

Yaya ta ajiye dutsen gugar a tsaye, ta ce ta gaida Mama. Ba ta rako ta ba.

Washegari Auta ta hau benen ba kati. Mai tayoyi ya gaishe ta, ya ce an kwana biyu, ya bi ta da ido har ta ƙure matakala. Anti ce ta buɗe mata ƙofa. Mai kamfanin ya tara kowa a ofishinsa, kujeru ba su isa ba, Dogo ya jingina da ƙofa.

Auta ta ce ba ita ta yi ba, kuma ba ta san wanda ya yi ba. Ta ce ta bar gargaɗin ne da gangan tana jiran amsar asibiti, kuma ta je ta tarar ba a taɓa kai musu tambayar ba. Ta faɗi amsar da babbar nas ta bayar. Ba ta ambaci abin da Dogo ya gaya mata a ƙofar gida ba, ba ta kuma ambaci maganar Yaya a bakin titi ba.

Mai kamfanin ya juya ga Manaja. Manaja ya ce ya kira sau ɗaya ba a ɗaga ba, ayyuka suka sha kansa, da lokaci ya ja kuma sai ya ji nauyin cewa bai tambaya ba. Wannan ya amsa. Amma rantsuwar ba shi ba ne, kuma in an ga dama a kawo duk abin da ake rantsuwa da shi. Mai kamfanin ya ce rantsuwa ta ishe shi haka. Ya tambayi Manaja me yake nufi da ya ce wa Auta an gama da maganar asibiti. Ya ce allon ya gani yana nuna sifili, ya ɗauka ta haƙura ta gyara. Aka tambayi Dogo ko ya ga wani ya shiga ɗakin sanyi ranar. Ya ce shi bayansa yake ba baranda, ba ya ganin mai wucewa. Bai kalli Auta ba. Anti ta ce ita abin da aka ba ta ta gwada, ba a kuma ce mata akwai mutane marasa ranar haihuwa ba.

Mai kamfanin ya daɗe yana juya biro. Ya cire Manaja daga aikin asibitin, ya ce daga yau shi da kansa zai riƙa magana da su. Ya ba Dogo gyaran, ya ce a yi shi yadda babbar nas ta faɗa, kuma lallai ya fita kafin ranar da tsofaffin za su dawo. Auta kuwa ya ce ta ci gaba da zama a gida.

“Na riga na ba su suna. Ba zan je in karɓo shi in tsaya a gabansu hannu rabbana ba. Ki kawo min wani, ko wani ya kawo kansa.”

Ta ce ba aikinta ba ne ta kawo. Ya ce ya sani, amma shi ma ba nasa ba ne.

A matakala Manaja ya cim mata. Bai yi faɗa ba. Ya ce ta kyauta, ya ce da ta zo wurinsa tukuna. Ta ce ta zo, a falonsa, ya ce mata mutanen rajista. Ya ce to, ya koma sama.

Daga ranar Yaya ta daina ɗaga wayarta. Takan kira Mama, su yi magana a kan hawan jini da makarantar yara, in Mama ta ce ga Auta sai ta ce tana da tukunya a wuta. Mama ta ce ita ba ta san kwamfuta ba, amma ta san 'ya'yanta, kuma dukansu biyu ba sa cin abinci. Dogo ya turo saƙo sau ɗaya, ya ce yana kan gyaran, ya tambaye ta wurare nawa manhajar ke taɓa gurbin. Ta gaya masa. Bai ce ya gode ba, bai kuma sake turowa ba. Anti ta kira ta ce allon bango an kashe shi, amma dokar sifili ba wanda ya ce an janye ta.

Ranar da tsofaffin suka koma asibiti manhajar ba ta faɗi ba. Da rana wayar Auta ta yi ƙara, lambar da ba ta sani ba. Babbar nas ce. Ta ce aiki yana tafiya, layi yana raguwa, amma tana da tambaya. Me ya sa duk tsofaffinta aka haife su rana ɗaya? Duk wanda gurbinsa yake fanko yanzu katinsa yana fitowa da ɗaya ga watan Janairu, shekarar ma iri ɗaya, kuma kowannensu ya haura shekara ɗari. Wata mata da ba ta wuce sittin ba manhajar ta tura ta gaban layi, ta kuma buga mata jan tambarin da ake yi wa waɗanda sai an sake duba zuciyarsu kafin a yi musu aiki. An riga an buga katuna da yawa, wasu sun tafi da nasu gida. Ta ce ba haka ta faɗa ba.

Auta ta ce ita an dakatar da ita tun kafin ranar da suka haɗu. Babbar nas ta ce ita dai lambarta gare ta.

Auta ta kira Anti, ta roƙe ta ta shiga ɗakin sanyi ta duba. Anti ta yi jinkiri, sannan ta je. Ta ce an cire rantsuwar duka. A madadinta an rubuta wa Suruka amsa: in gurbin ya zo fanko, a cika shi da wannan ranar. Suruka ta karɓa, ba ja, ba rawaya. A kwamfutar ɗakin aka yi, daga nan aka tura. Auta ta tambayi sunan da ke kai. Anti ta ce ai kin sani.

Kafin a tashi daga aiki mai kamfanin ya ji. Dogo ya ce nasa gyaran yana kan teburinsa bai gama ba, ya buɗe ya nuna, da sauran rawayarsa. Manaja ya ce shi an cire shi daga aikin, ko kusa da ɗakin ba ya zuwa. Anti ta ce ba a kawo mata komai ta gwada ba. Dukansu suna ofis a ranakun, kuma katin Auta yana cikin aljihun teburin mai kamfanin.

Mai kamfanin ya sa an kulle ɗakin sanyi, ya riƙe makullin. Ya kira Auta ya tambaye ta yadda ake cire suna daga kwamfutar. Ta ce sai ta zauna a gabanta. Ya ce zai neme ta. Sunan da ke hannun shugaban asibitin har yanzu nata ne, kuma bai ce mata ga ranar da za ta koma ba.